Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda sabon shugaban sikawut zai tsara fita da sansanin yaransa

"Assalamu alaikum Malam. An damƙa mini rundunar sikawut mai yara 28, 'yan shekara 11 zuwa 15, bayan wanda yake riƙe da ita ya yi ƙaura. Na yi sikawut ina yaro, amma ban taɓa shugabanci ba. An ce in kawo jadawalin ayyukan da za mu yi nan gaba, yaran kuma sun matsa lallai sai an kai su sansani na mako guda a hutun da ke tafe, saura wata biyu. Wasu iyayen suna so, wasu tsoro suke ji. Ta ina zan fara? Kuma in amince da sansanin nan ko in ƙi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Idan na fahimce ka, abu biyu ne ke damunka: yadda za ka cika jadawali da ayyuka, da kuma ko ya dace ka kwashi yara 28 ku kwana bakwai a daji nan da wata biyu. Bari in fara da na biyun don hankalinka ya kwanta. A ganina kada ka yi sansanin mako guda a wannan hutun. Ka yi na kwana biyu a wuri mai kusa, bayan yaran sun yi fitar yini sau biyu ko uku. Na daɗe ina fita da yara, kuma abin da na gani shi ne sansani jarrabawa ce ta abin da aka koya kafin a tafi. Yaron da bai taɓa kafa tanti da rana tsaka a filin taro ba, ba zai iya kafa shi da magariba ana iska ba. Amsar tambayarka ta farko ma a nan take: jadawali tsani ne, kowane mataki yana ƙara kai yaran kusa da ranar sansanin.

Na san wani zai ce ai wanda ya kafa harkar ma da sansanin mako guda ya fara. Gaskiya ne. A farkon watan Agusta na 1907 Robert Baden-Powell ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, suka yi wajen kwana takwas, kuma daga nan ake lissafa haihuwar sikawut. Sai dai shi gogaggen soja ne da ya shafe shekaru yana kwana a fili, yana da manya masu taya shi, an kuma tanadi tantuna da kayan masarufi tun kafin yaran su iso. Abin koyi a wannan sansanin shi ne yadda ya kasa yaran gida huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, ya ɗora yaro ɗaya a kan kowane rukuni, ya ba shi amanar 'yan'uwansa da gaske. Wannan tsarin ƙananan rukunai shi ne ƙashin bayan sikawut har yau, kuma shi zai sauke maka rabin nauyin da kake ji a wuyanka. Yaranka 28 rukuni huɗu ne na mutum bakwai-bakwai. Idan wanda ya gabace ka ya bar rukunai, ka duba ko suna aiki ko suna ne kawai. Idan babu, wannan ne aikinka na farko, kafin ka rubuta komai a takarda.

Wa zai rubuta jadawalin?

Kuskuren da sabon shugaba ya fi yi shi ne ya zauna shi kaɗai da dare, ya jera ayyuka masu kyau guda goma sha biyu, washegari ya karanta wa yara. Takardar za ta burge duk wanda ya gani, amma bayan mako uku sai masu zuwa taro su fara raguwa, musamman manyan, 'yan 14 da 15. Abin da aka ɗora wa yaro, a wurinsa wani aikin makaranta ne aka ƙara masa. Abin da ya zaɓa da bakinsa kuwa, zai tashi da asuba saboda shi ba tare da an tashe shi ba.

Yadda nake yi shi ne kowane rukuni ya keɓe, su kawo abu uku da suke son yi. Daga nan jagororin rukunan huɗu su zauna tare da ni, sau ɗaya a wata, su tace. A wannan zaman na fi sauraro fiye da magana, kuma abu uku kaɗai ke sa in ce a'a: haɗari, tsadar da za ta bar wasu yara a gida, da abin da dokar ƙungiya ta hana. Yanzu ga yaranka sun zo da maganar mako guda. Kada ka rufe musu ƙofa. Ka tambaye su: me ya kamata mu iya kafin mu kwana bakwai a daji? Ka yi shiru ka jira. Da kansu za su lissafo kafa tanti, girki, hura wuta, agajin gaggawa, karanta taswira. Sai ka ce wa a cikinku ya iya dukansu? Daga nan sun rubuta maka jadawalin wata biyu da hannunsu, kuma ba wanda zai ce ka hana su abin da suke so.

A faro daga ranar sansani a dawo baya

Ka tsayar da ranar sansanin kwana biyun tukuna, sannan ka ƙirgo makonni baya-baya. Da wata biyu a hannu, makonni biyun farko a filin taro za su ƙare: ƙulle-ƙullen igiya guda uku ko huɗu waɗanda tanti ke buƙata, da kafa tantin kansa, a kafa a sauke har sai kowane rukuni ya iya ba tare da babba ya sa hannu ba. Ka mayar da shi gasa tsakanin rukunai, za ka ga yadda suke koya da sauri. A mako na uku ku yi tattakin rabin yini, kamar kilomita biyar ko shida. A wannan fitar za ka gane abubuwan da ba a gani a taro: wa takalminsa ke ci masa ƙafa, wa ke shanye ruwansa tun a kilomita ta farko, wane jagora ne ke juyowa ya duba na baya, wane ne ke yin gaba abinsa.

Game da lissafin tafiya, masu hawan duwatsu suna da wata tsohuwar ƙa'ida da William Naismith ɗan ƙasar Sikotilan ya kawo a 1892: sa'a ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na manya ne masu ƙarfi. Da yara ni kilomita uku nake lissafawa a sa'a, in ƙara hutu a kai, kuma ɗan ƙaramin cikinsu ne ke tsayar da saurin tafiya. Jakar yaro kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa.

Bayan tattaki sai girki, kowane rukuni da tukunyarsa, su dafa abin da suka tsara za su ci a sansani. Idan ya ƙone ko bai dahu ba, gara ya faru yanzu da gida yana kusa. Wajen mako na shida ku je wurin sansanin kansa da safe, ku kafa, ku dafa, ku ci, ku sauke, ku dawo kafin rana ta faɗi. Wannan fitar ita ce mafi amfani a dukan jadawalin, kuma ita aka fi tsallakewa. Mako na bakwai kowa ya zo da jakarsa a ɗaure kamar yau za a tafi, jagoran rukuni ya buɗe ya duba.

Sauran shekarar ba sai ka cika ta fam ba. Ka nemi ranakun jarrabawa da na bukukuwa da ibada ka kauce musu, ka bar ƙarshen mako ɗaya a wata babu komai, don iyaye ma suna da hakki a kan 'ya'yansu. A kowane zangon karatu ka sa aikin taimakon jama'a guda ɗaya wanda yaran suka ga buƙatarsa da idonsu. Akwai kuma ranakun da 'yan sikawut na duniya ke tarayya a kansu, za su ba jadawalinka turaku: 22 ga Fabrairu ranar haihuwar Baden-Powell, 1 ga Agusta ranar tunawa da sansanin farko da ake fita da ƙyallen wuya, sai ƙarshen mako na uku na Oktoba da ake gaisawa da 'yan sikawut na wasu ƙasashe ta rediyo da intanet. Na rediyon tun 1958 ake yin sa. Babban taron duniya na gaba kuwa a 2027 ne, a birnin Gdansk na ƙasar Folan. Ko ba wanda zai je daga rundunarka, yara suna jin daɗi su san cewa suna cikin abu mai faɗi haka.

Wurin da za a kwana

A nan zan ɗan daɗe, don yawancin wahalar da na gani a sansani daga zaɓen wuri ta faro. Kada ka yarda da labari ko hoto, gani ya kori ji. Ka je da ƙafarka sau biyu, ɗaya da yamma liƙis don ka ga yadda wurin yake idan duhu ya fara, ka ji sauro, ka ga wa ke wucewa. Ka samu izinin mai filin, ka sanar da shugabannin yankin da jami'an tsaro, ka tambayi mazauna wurin abin da baƙo ba zai sani ba: ina ruwa ke bi, ina macizai suka fi yawa, akwai wata fitina a kusa ko babu. Ka gwada waya a daidai inda za a kafa tanti. Ka shiga mota ka auna minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa, ka tabbatar ana samun ma'aikaci da dare.

Sannan ka dubi ƙasa. A shekarun farko na shugabancina mun taɓa sauka a wani fili mai laushi, shimfiɗaɗɗe, mai inuwa, wanda wani ya yaba mana. Na je na gani, amma ban kula da ciyayi da tarkacen da suka maƙale a gindin itatuwa ba, duk sun kwanta sun fuskanci gefe ɗaya. Wannan alama ce ta cewa ruwa na bi ta nan. Cikin dare aka yi ruwa a can nesa, mu ɗan yayyafi kawai muka samu, amma kafin asuba ruwa ya shigo tantuna biyu. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, sai dai mun kwana a tsaye da yara suna rawar sanyi, kuma biyu daga cikinsu ba su sake fita da mu ba. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan ba na kafa tanti a kwari ko a busasshen rafi komai kyawunsa. Ina neman wuri mai ɗan tudu, ba ƙololuwa ba, in ɗaga kai in duba ko akwai busasshen reshe a sama, in kauce wa doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili saboda tsawa, in duba ƙasa ko akwai gidan tururuwa ko ramuka.

Bayan ƙasa, ruwan amfani shi ne na biyu. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, don sha da girki da tsabta. Yara 28 da manya huɗu mutum 32 ke nan, wato lita 480 a yini, kusan lita dubu a kwana biyu. Yi wannan lissafin na kwana bakwai, za ka ga wani dalilin da ya sa na ce a fara da ƙarami. Idan ruwan wurin za ku sha kuma ba ka tabbatar da tsabtarsa ba, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana tafasa, a rufe. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, ya kasance ƙasa da su, iska kuma ba ta ɗauko warinsa zuwa wurin girki ba. A ajiye ruwa da sabulu a bakinsa da kuma wurin cin abinci. Gudawa ta fi maciji tarwatsa sansani, kuma hannun da ba a wanke ba ne ke kawo ta. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a akwatin magani. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Wuta kuma a hura ta nesa da tantuna, ta inda iska za ta kore tartsatsi daga gare su, da bokitin ruwa ko yashi a gefe. Doka ɗaya da ba na sassauci a kanta: ba a shiga tanti da garwashi, risho ko kyandir, komai sanyi. Ban da gobara, garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Tocila ta isa. Wanka a rafi ko tafki kuwa, a sansanin farko ka hana gaba ɗaya, ka faɗa tun a gida don kada a yi jayayya a bakin ruwa.

Amanar 'ya'yan mutane

Iyayen da ke jin tsoro suna da gaskiya, kuma su ne za su fi taimaka maka, don tambayoyinsu za su nuna maka inda shirinka yake da rami. Ka kira su taro wata ɗaya kafin tafiya. Ka faɗi wurin, sunayen manyan da za su je, motar da za a shiga, lokacin tashi da na dawowa, da abin da za a yi idan yaro ya kamu da rashin lafiya. Wanda yake son ganin wurin ya biyo ku ranar fitar gwaji. Kowane uba ko uwa su sa hannu a takardar amincewa, a rubuta lambar waya biyu, da duk wata lalura: asma, sikila, farfaɗiya, abin da jikin yaro ba ya so na ci ko na magani, da maganin da yake sha. Ka tambaya a keɓe, don akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban taro ba. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya da zai zauna a gida da jerin sunayen, shi kake kira safe da yamma, shi iyaye ke kira. In ba haka ba wayarka ba za ta huta ba, idonka kuma zai bar kan yara.

Kuɗin tafiya a sanar da wuri don a biya kaɗan-kaɗan, a ari abin da za a iya ara, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a nuna wa iyaye. Yaron da gidansu ba hali a rufa masa asiri, a san yadda za a yi ya tafi ba tare da abokansa sun sani ba.

Manya nawa? Ga yara 28 ni ba na fita da ƙasa da huɗu, saboda idan biyu suka tafi asibiti da yaro, dole biyu su rage. Ƙungiyar sikawut ta ƙasarku tana da nata adadin da takardun izinin sansani, kuma nata ne abin bi idan ya fi nawa tsauri. Sannan ga maganar da mutane ke jin nauyin yi, amma dole a yi ta: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai inda ba a ganinsu, ba ya kwana a tantin yara, ba ya shiga wurin wankansu. Idan akwai 'yan mata, dole a samu mace babba, da wurin kwana da ban-ɗaki nasu daban. Ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a 2017, kuma wannan yana cikin ruhinta. Dokar ta hau kan kowa, har kai, har mutumin da kowa ya yarda da shi. Tana kare yaro, tana kuma kare mutuncin babba daga zargi. Haka nan ka sa ido a kan manyan yara, kada a fake da "horar da sabo" a ci zalin ƙanana da dare.

Sa'ar da ta fi kowace haɗari a dukan tafiyar ita ce ta kan hanya. Mota mai lafiya, direban da ya yi barci, kowa da wurin zama, ba tafiyar dare. A ƙirga kai kafin a tashi da bayan kowace tsayawa, jagora ya ƙirga rukuninsa, kai ka ƙirga duka.

Wa ke da ikon cewa a tashi?

A watan Agusta na 2023 an yi babban taron sikawut na duniya karo na 25 a Saemangeum da ke Koriya ta Kudu, mutum sama da 40,000 daga ƙasashe fiye da 150. Filin ba shi da inuwar kirki, aka yi tsananin zafi, ɗaruruwa suka galabaita, aka yi ta kuka da tsabtar ban-ɗaki. Tawagar Birtaniya da ta Amurka suka janye yaransu, daga baya guguwar Khanun ta tunkaro, aka kwashe kowa daga filin kafin ranar rufewa. Taron da gwamnati ta shekara da shekaru tana shiryawa ke nan, amma cikin manyan abubuwan da suka kayar da shi akwai rashin inuwa, rashin tsabta da yanayi, wato abubuwan da za su iya kayar da sansanin yara 28. Shugabannin da suka janye yaransu sun sha magana, amma a ganina sun yi abin da ya dace da wanda aka ba amana.

Saboda haka tun kana gida, hankalinka a kwance, ka rubuta abubuwan da in sun faru za a fasa ko a tashi, da inda za a fake, da motar da za ta zo. A fili, ga yara suna roƙo, ga kuɗin da aka kashe, zuciya takan ce a ƙara jira kaɗan. Takardar da ka rubuta a gida ita za ta tsaya maka. Idan aka ga walƙiya aka ji tsawa kafin a ƙirga daƙiƙa 30, hadarin yana cikin kilomita goma, a shiga gini ko mota mai rufi, don tanti ba ya kare kowa daga tsawa, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A lokacin zafi a yi aikin ƙarfi da safe da yamma, a sha ruwa bisa lokaci ba sai an ji ƙishi ba. Yaron da ya fara ciwon kai da jiri a kai shi inuwa ya sha ruwa. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara ruɗewa ko surutai, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti nan take. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba a shafa komai. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauki yaron zuwa asibiti. Ni ba likita ba ne, kuma waɗannan layukan ba za su maye gurbin horo ba. Kafin ku tafi, aƙalla babba ɗaya ya yi kwas na agajin gaggawa a hannun masu koyar da shi.

A cikin sansanin

Ku isa da sauran rana, aƙalla sa'a uku kafin duhu. Daren farko yara ba sa barci da wuri, haka yake a ko'ina, shi ya sa nake gajiyar da su da wasa mai gudu da yamma, in kuma sa yini na biyu ya zama mai sauƙi da safe. Kada ka cika kowace sa'a da aiki. Ka bar musu lokacin ibada, da sa'a ɗaya ko biyu da ba kowa ke ba su umarni ba. Sau da yawa abin da yaro zai riƙa tunawa bayan shekara ashirin a wannan sa'ar yake faruwa, shi da abokinsa suna kallon taurari ko suna gyara igiyar tantinsu.

Abin da zai fi yi maka wuya shi ne riƙe hannunka. Za ka ga rukuni sun yi minti arba'in wuta ta ƙi kamawa, kai kuma ka san cikin minti biyu za ka hura ta. Kada ka karɓa. Ka kira jagoransu gefe, ka tambaye shi ta ina iska ke zuwa, itacen nan busasshe ne, ka bar shi ya koma ya gyara a gaban yaransa. Idan ka hura musu, sun ci abinci da wuri, amma jagoran ya rasa girmansa, gobe kai za su riƙa kira a kan komai. Inda ake sa hannu ba jira shi ne inda akwai haɗari.

Za a samu wanda kewar gida za ta kama shi, yawanci da magariba, wani lokaci ta zo da sunan ciwon ciki. Ka duba lafiyarsa da gaske tukuna, sannan ka ba shi wani aiki, ka haɗa shi da aboki, ka ce ku sake magana da safe. Galibi gari na wayewa ta wuce. Za a iya samun mai fitsarin kwance. Ka riƙe bargo da tabarma na ajiya, a canza masa da sassafe ba wanda ya sani. Yaron da aka yi wa dariya a kan wannan ba zai sake dawowa ba.

Ranar tashi a bi filin a jere a tsince komai, a kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu, a rufe ramuka, a je a gode wa mai wurin. Tantin da ya jiƙe a shanya shi a ranar, in ba haka ba zai yi fumfuna kafin fita ta gaba. A taron da ya biyo baya jagorori su faɗi abin da ya yi kyau, da wanda bai yi ba, da abin da za a canza, a rubuta a littafin runduna don wanda zai gaje ka ya samu abin da kai ba ka samu ba.

Ban ga yaranka ba, ban kuma ga yankinku ba. Idan wanda ya gabace ka ya saba fita da su, mai yiwuwa sun fi yadda nake zato, tattakin farko zai nuna maka. Ka nemi wani tsohon shugaba a kusa ya raka ka wannan sansanin, ka kuma yi rajistar horon shugabanni na ƙungiyarku. Tun 1919 aka fara irin wannan horon a Gilwell kusa da Landan, saboda an gane da wuri cewa wanda ya yi sikawut yana yaro yana buƙatar a koya masa riƙon yara daban.

Maganar mako guda kuma kada ka bar ta a iska. A taro mai zuwa ka tara jagororin nan huɗu, ku tsayar da ranar sansanin kwana biyu, sannan ku zaɓi babban hutun da ke bayansa ku rubuta "sansanin mako guda" a kai, ku manna a bangon wurin taro. Ka gaya musu sharaɗin a fili: sansani biyu na kwana bibbiyu, kowane rukuni ya kafa tantinsa ya ciyar da kansa ba hannun babba. Daga nan ka miƙa wa babban cikinsu biron ya fara ƙirgo makonni baya.